Amsa: AM5 ko Intel don wasanni?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa kwamfutar tebur ta wasanni wadda za ka riƙa ƙara mata ƙarfi nan gaba ba tare da ka sauya komai ba. To ni dai, tsakanin AM5 na kamfanin AMD da na kamfanin Intel, AM5 zan ce ka ɗauka.

Dalilina soket ne, wato gurbin da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ke zama a kan madabod (babban allon da ake haɗa komai a kansa). AMD ta fito da soket ɗin AM4 a 2016, kuma a 2022 ma ta fitar masa da sabuwar furosesa, Ryzen 7 5800X3D. Mutane da yawa sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod) kawai suka yi, suka cire tsohuwar furosesa suka sa sabuwa, shi ke nan. AM5, soket ɗin da ya gaji AM4, ya zo a 2022, kuma kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da tallafa masa har 2027 da bayanta. Intel kuwa, soket ɗinsu LGA1700 ya tsaya a zubi na 14 na furosesoshinsu, sai suka koma LGA1851. Ka ga in ka sayi LGA1700 yau, ka shiga gidan da aka riga aka rufe ƙofarsa.

Sai dai AM5 ram (ma'ajiyar aiki ta kwamfuta) nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa, tsohon ram ɗinka na DDR4 ba zai shiga ba.

In aljihu ya yi nauyi, ka ɗauki furosesar Ryzen 7800X3D ko 9800X3D, saboda babbar ma'ajiyar wucin gadi ta 96MB da wasanni ke matuƙar so. In ba haka ba, Ryzen 5 7600 da madabod B650 sun ishe ka, ragowar kuɗin ka zuba a katin hoto, don a ingancin hoto na 1440p shi ke ɗaukar yawancin nauyin.