Yara 94 a aji guda, muryata har ta dushe, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar malama ce, bara na gama NCE aka tura ni wata firamare, 'yan aji huɗu nake koyarwa kuma yara 94 ne a rajista. Wallahi kafin a tashi tara muryata ta dushe, da na juya zan yi rubutu a allo sai ajin ya koma kasuwa. Na sa monita yana rubuta sunan masu surutu ina zane su, amma gobe ma haka. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama. Ki fara cire wa ranki cewa gazawarki ce, tsarin ilimi na ƙasa malami ɗaya yara 35 ya ce a firamare, kinga ke kusan aji uku kike riƙe da shi a ɗaki ɗaya, ko wane ne aka ba sai ya ji a jikinsa.

To amma ki duba maganarki da kyau, yaushe surutun yake tashi? Lokacin da kika juya baya. Yaro ɗan shekara tara ko goma in ba shi da abin yi to sai ya ƙirƙiro wa kansa, ko ya mintsini na kusa da shi ko ya hau kiɗa da benci, don haka abin da za ki rubuta ki rubuta shi tun suna asambuli, su shigo su tarar da aiki yana jiransu, ke kuma fuskarki na kallonsu.

Babban abin dai shi ne ki daina ɗaukar ajin ke kaɗai. Ki tuna makarantar allo, malam ɗaya ne da almajirai fiye da ɗari amma karatu yana tafiya, saboda gardawa ne ke biya wa ƙolawa, shi malam yana sauraro yana gyara. Ki raba su rukuni-rukuni, takwas-takwas, zai ba ki wajen rukuni 12, kowanne ki sa masa wanda ya ɗan iya karatu ya ja sauran, ki riƙa canja shugaban lokaci-lokaci kar ya zama sarauta. Wani ya goge allo, wani ya karɓo alli, wata ta tattara littattafai. Kuma wannan yaron da ya fi kowa fitina, na san akwai shi don kowane aji yana da nasa, shi za ki fara ba wa aiki, sau da yawa so yake a san da zamansa kawai.

Maganar monita mai rubuta suna kuwa gaskiya ni ba na sonta ko kaɗan. Na sha gani da idona, wanda ya ba shi gyaɗa ko alewa ya tsira, wanda suka yi faɗa jiya a unguwa sunansa ne na farko, kinga an koya wa yaro cin hanci tun yana aji huɗu. Bulalar ma shirun minti biyar take sayo miki, in suka saba da ita shikenan.

Ihu kuma ki bar shi, muryarki ce jarinki. Ku yi yarjejeniya da su, in kin tafa sau uku su ma su tafa su naɗe hannu, ke kuma ki tsaya tsit kina kallonsu har sai ajin ya mutu kafin ki ce uffan. Satin farko zai ci miki lokaci, ki daure.

Ki bar 'yar hanya tsakanin bencina ki riƙa zagayawa har baya. In kin je can ki sa biyu ko uku su karanta miki layi ɗaya daga allo, kar ki yi mamaki in kika tarar wasu ba sa hango rubutun, wasu kuma ko baƙaƙe ba su gama ganewa ba, an dai yi ta tura su gaba ne. Irin waɗannan ki dawo da su gaba, dogaye su koma baya.

Kafin ki fara aikin rukunin nan ki sanar da hedimasta, don aji zai ɗan yi hayaniya ta karatu, kar ya wuce ta taga ya ɗauka wasa kuke yi. Ki gwada sati biyu ki rubuto mana yadda aka yi.