Kunne ya girmi kaka, amma ba duk abin da kunne ya ji ne tarihi ba

Tambayoyin wannan makon kusan duk daga ɗaliban sashen tarihi suka zo, da alama lokacin rubuta kundi ne ya matso. Bismillah.

Wani ɗan aji huɗu daga Zariya: Malam, sufabaiza ta ta soke min babi sukutum wai don na dogara da hirar da na yi da dattawa uku a garinmu. Na ce mata ai kunne ya girmi kaka. Ba ma'anar karin maganar kenan ba?

A'a ɗana, ba ita ba ce, kuma malamarka ta yi maka gata. Abin da karin maganar ke cewa shi ne kunnenka kan ji labarin abin da ya faru tun ba a haifi kakanka ba, wato nisan da ji yake kaiwa ake nufi, ba a ce duk abin da ya shiga kunne gaskiya ne ba. Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne dai ya ce gani ya kori ji, shi ne kuma ya ajiye "wai" da "an ce" da jita-jita da ƙanzon kurege da shaci-faɗi, kowacce da matsayinta, saboda ya san baki yana ƙari yana ragi. Abin yana damuna yadda ɗalibai ke ɗauko karin magana su kare lalaci da ita.

Ba wanda ya ce tarihin baka ba hujja ba ne, musamman ma a Zariyar da kake. Marigayi Abdullahi Smith da ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da ɗalibinsa marigayi Yusufu Bala Usman wanda ya rubuta littafi a kan Katsina daga 1400 zuwa 1883, ai da bakin mutane da takardu suka yi aiki gaba ɗaya. Sai dai ba su karɓa haka nan ba. In ka zauna a zaure gaban dattijo ka kunna rikoda, tambayar farko ita ce Baba daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji, kamar dai yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Sannan ka san wane gida ne nasa, gidan da sarauta take hannunsu yanzu ne ko gidan da aka ƙwace ta, domin makaɗin fada in yana jero sarakuna yakan tsallake wanda aka tuɓe kamar ba a taɓa yin sa ba, kai kuma ka rubuta ka ce sarakunan garin goma sha biyu ne. Dattawanka uku in duk 'yan gida ɗaya ne to baki ɗaya ka ji sau uku. Je ka gidan da suke gaba da su, je ka wajen limamai da maƙera da tsofaffin mata na cikin gida waɗanda ɗalibai maza ke mantawa da su, sannan ka hau mota ka tafi Kaduna gidan adana takardun gwamnati ka ga me rahoton Di'o, Baturen mulkin mallaka na yankin, ya ce, shi ma ɗin ka tuhume shi don ta bakin tafinta ya ji, kuma haraji ne ya kai shi.

Ko rubutaccen ma haka ne. Littafin Tarihin Kano da Baturen mulki Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kowa na cewa Bagauda, sarkin Kano na farko, ya hau a shekarar 999 kamar marubucin ne ya faɗa. Marubucin tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, daga baya aka yi lissafi da baya-baya aka fito da shekarun. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta rantsuwa a kan 999.

Wata ɗaliba daga Katsina: Mene ne bambancin tarihi da tarihihi?

Tarihi daga Larabci muka aro ta, asalinta ƙayyade lokacin da abu ya faru, shi ya sa ake da Tarikhus Sudan na Tumbutu. Tarihihi kuwa malaman adabin Hausa ne ke amfani da ita ga labarin da ke da ƙwayar gaskiya amma an yi masa ado har ya rufe ta, mutumin ko garin na gaske ne, abubuwan mamakin ne ƙari. Ba tatsuniya ba ce, ita tatsuniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku" kin san ba a nemi ki yarda ba. Misalin da kowa ya sani shi ne Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu. Rijiyar tana nan a Daura, amma tun 1970 Abdullahi Smith ya rubuta cewa wannan labari ba zai iya bayyana yadda ƙasashen Hausa suka kafu ba, ya ce a duba yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa. Kada ki jefar da tarihihi 'yata, ki tambaye shi su wa ya yi wa amfani da aka riƙa faɗinsa.

Wani daga Gusau: Digirin digirgir na biyu ne ko na uku?

Na uku ne, wanda ake kiran mai shi dakta. Ina jin wasu masu karanta labarai suna liƙa wa mastas, ba daidai ba ne, shi digiri na biyu sunansa ya ishe shi. Ni a kunnena akwai ƙamshin digirgire a ciki, ɗora kaya a ka a tafi ba tare da an riƙe da hannu ba.

Me ya sa ake ce wa abin da ɗalibi ya rubuta kundi?

Daga kundin malaman zaure ne, tarin takardun da malam ke ɗaurewa ya adana abin da ya tara na sani. Aron ya yi kyau, a bar shi. Ya fi "firojet" nesa ba kusa ba.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi: Ina so in yi mastas a tarihi a Nijeriya, kuma ina ganin ana rubuta madogara a wani wuri, manazarta a wani wuri.

Malam, madogara ita ce abin da ka jingina maganarka da shi a daidai wurin da ka yi ta, manazarta kuma jerin duk abin da ka nazarta ne da ake sawa a ƙarshen kundi. Masu haɗa su gaggawa ce ke damunsu. Amma bari in ce maka wani abu da ba ka tambaya ba. Faransancin da kake da shi dukiya ce da yawancin ɗalibanmu na wannan ɓangaren ba su da ita. Bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina arewa suka yi, zuriyarsu ta zauna a Maraɗi, har yau sarkinku Sarkin Katsina ake ce masa, to ta yaya mutum zai rubuta tarihin Katsina na ƙarni na 19 bai ji ta bakin Maraɗi ba, bai karanta abin da Faransawa suka rubuta ba, bai leƙa aikin irin su Djibo Hamani na jami'ar Yamai ba? Haka Gobir da Tsibiri. Iyakar da Turawa suka ja ta raba mana har da laburare, wannan na karanta Turanci wancan na karanta Faransanci, kowa da rabin labari. In ka ƙara da Larabci da ajami har ka iya buɗe Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da kanka ba sai ta fassara ba, wallahi duk sashen da ka je za su yi maraba da kai. A digiri na farko ana iya lallaɓawa da abin da wasu suka rubuta, daga na biyu kuwa dole ka taɓa takardun asali da hannunka.

"Ya kafa tarihi" Hausa ce?

Ta zama Hausa tunda bakin mutane ya karɓa, amma an cika ta da yawa. Ɗan ƙwallo ya ci biyu ya kafa tarihi, an yi biki an cika fili an kafa tarihi. Muna da "ya yi abin da ba a taɓa yi ba", muna da "ya yi bajinta", "ya ciri tuta", a riƙa tunawa da su.

Wata da ta samu gurbin karatu a sashen tarihi: Babana ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wai in canza kwas.

Karin maganar a kan mai kukan daɗin da ya wuce take, wanda bana ta yi masa tsanani yake ta ambaton bara, ba ta shafi mai binciken abin da ya wuce ba. Ina jin abin da ke ran Baba shi ne aikin yi bayan an gama, kuma damuwa ce ta gaskiya, ki zauna da shi cikin ladabi ki nuna masa akwai koyarwa, akwai gidajen tarihi da na adana takardu, akwai aikin jarida da aikin gwamnati. In kuma karin magana yake so a ba shi amsa da ita, ki ce masa Baba ai waiwaye adon tafiya ne.