Ga sabon ma'aji: hatsin godiyar kaka ya taɓa sa ni kuka

Salama, ɗan'uwa. Ka ce an ba ka ma'ajin cocinku na ƙauye, hatsin godiyar kaka ya shigo, wasu na cewa a sayar yanzu a biya kason dayosis, wato kuɗin da coci ke kai wa ofishin Bishop, wasu na cewa a jira damina, kuma har an fara yi da kai. Ina karantawa gabana ya faɗi, domin ciwon nan ya taɓa kwantar da ni.

Shekara huɗu mabuɗin sito na hannuna a cocinmu, can wani ƙauye a ƙasar Zazzau, inda Rabaran ke zuwa a kan babur sau ɗaya a wata ya ba mu Jibin Ubangiji, sauran Lahadi kuwa Baba Katikis ne. Wata shekara aka sami albarka. Mata na shigowa da ƙwarya a ka suna guɗa, samari na jan buhu, aka ƙirga da ido aka ce masara buhu 14. Ba wanda ya auna, ni ma murna ta ɗauke ni. Ashe wasu buhunan ba su cika ba, wata masarar ma da sauran danshi. Da watan Yuni ya kama aka juye, aka auna tiya 40 a kowane buhu, sai ga 11 da ɗan guntu. Bushewa ta ci nata, ɓera da ƙwari sun ci nasu.

Bayan sujada wani dattijo, mutumin da nake durƙusa masa ina kiransa Kawu, ya miƙe ya ce shi dai bai kama sunan kowa ba, amma ya ga sabon kwano a rufin wani gida. Kwanon da na sayar da awakina uku na saya! 'Yata na zaune cikin 'yan kwaya tana ji. Ina riƙe da Littafin Addu'a hannuna na rawa, na duba bencin dattawa ko wani zai tanka, kowa ya sunkuyar da kai. Wata uku a bencin baya nake zama, ana albarka in fice. Har yau bai ce in yi haƙuri ba, amma in aka zo gaisuwar salama shi ne na farkon miƙo hannu. Ina karɓa, to ya zan yi?

Don Allah gobe-goben nan ka tara mutane a juye a auna, kowa na gani, a rubuta. Kada ka riƙe mabuɗi kai kaɗai: kwaɗo biyu, ɗaya wurinka, ɗaya wurin shugabar mata, don su ba a yi musu rufa-rufa. Manzo Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, duba 2 Korintiyawa 8:20-21. Kuma ka riƙa karanta lissafi da baki a gaban jama'a, ba kowa ke iya duba takardar da aka manna a bango ba.

Batun sayarwa kuwa, kowa ya san hatsi ba ya daraja da kaka, sai damina ta yi nisa. Amma dayosis ba za ta jira Agusta ba. Ku sayar da daidai kason, saura a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, a ɗora kan katako. Ku fara cire na Baba Katikis tukuna. Abin na ci mini rai, mutum ya yi jana'iza, ya koyar da 'yan ajin baftisma, ya buga ƙararrawa da asuba, sannan a bar matarsa tana aron tiya a maƙwabta. Namu har ƙodago ya yi a gonar wani ɗan majalisar coci.

Ba ka faɗa ba, akwai wake a ciki? In akwai, shi za ka fara rabuwa da shi, ƙwari ba sa yi masa da sauƙi.