Zuwa Jarba da Suruka: Amsar Kawu

Ɗana, sau biyu na saurari saƙonka, don a karon farko dariya ta hana ni jin ƙarshensa. Ka ce Hajiya ta gama yi wa mai ɗakinka wankan jego, an yi arba'in lafiya, kuma kafin ta dawo gida kana so ka kwashe su duka, ita da 'yarta da yara, ku bar Faransa ku yi mako guda a wani otal na bakin teku a tsibirin Jarba na ƙasar Tunisiya. Sai ka tambaye ni ko al'ada ta yarda mutum ya je irin wannan wuri da surukarsa.

Ka tafi da ita. Matar da ta baro ɗakinta ta zo ta yi wata biyu tana hidimar 'yarta da jariri ta cancanci fiye da haka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma akwai abin da ba ka hango ba. Kai kana tunanin teku da tsiraicin Turawa, ni kuwa abin da ya fara zo mini shi ne ɗakin cin abinci.

A gidanku ka ce kunyar ba ta takura kowa ba. Dalili shi ne kana fita aiki da sassafe, ka dawo da dare, ka tsuguna daga bakin ƙofa ka gaishe ta, ka shige. Aiki ne ya raba ku. A otal ba ka da wurin zuwa. Irin waɗannan wurare kuɗi ɗaya ake biya, ci da sha da kwana, a ɗaura wa kowa zare a hannu, kuma sau uku a rana duk baƙi suna haɗuwa a zaure ɗaya kowa ya ɗebi abin da yake so. Ma'aikaci zai ga ku iyali ne ya haɗa muku teburi guda. To, Hajiya ba za ta kai loma baki kana kallo ba. Ba za ta ce maka komai ba, za ta ce ta ƙoshi, kai kuma ka yarda.

Ni ya faru a kaina. Shekarun baya na raka tawa surukar, Allah ya jiƙanta, neman magani a Alƙahira. Don nuna kulawa kullum sai na zauna kusa da ita lokacin cin abinci ina tura mata kwano. Kwana uku baiwar Allah tana rayuwa da shayi. Sai da matata ta ja ni gefe ta ce, malam, kai ne ciwon. Tun daga ranar nake cin nawa a waje, ita kuma ta soma cinye nata tas.

Saboda haka ka raba lokaci. Su shiga da wuri, ita da 'yarta, kai ka biyo baya da manyan yaran, ko ka nemi teburi can wani lungu inda ba ta hango ka. In ma'aikata sun yi mamaki, ka ce al'adarku ce. Su ma Musulmi ne masu surukai. Ɗakinta kuma kada ya haɗa bango da naku. Ka nema mata na ƙasa, kusa da lambu, ka sa babbar 'yarka ta riƙa kwana da ita. Kaka da jika ba kunya tsakaninsu sai tsokana, kuma ta bakin yarinyar za ka san ko Hajiya ta ci, ko ta yi barci, ko akwai abin da take so ta kasa faɗa.

Batun wanka ya fi sauƙi. Otal-otal ɗin sun jeru ne a gaɓar arewa maso gabas, wajen Sidi Mahrez zuwa Midun, kuma rairayin yana da tsawo, ruwan ba zurfi a bakin gaɓa. Ka yi naka bayan asuba, da riga da wandon da ya rufe gwiwa, nesa da inda take zama. Kada ta taɓa ganin ka ba riga, kada kuma ka riƙe hannun 'yarta a gabanta, ko da kowa a wurin haka yake yi. In mai ɗakinka tana son shiga ruwa da dogon kaya, ka tambaya tun kafin ka biya, don wasu otal suna hana shi a kududdufin wankansu. Giya kuwa tana cikin kuɗin da ka biya ko ka sha ko ba ka sha ba, sai ka lura da kofin da yara ke ɗauka.

Yanzu ga wanda ya fi duka, kuma ban ji ka ambata ba. Ka gaya wa mahaifiyarka? Ƙanwata ce, na san halinta. In ta ga hoton Hajiya a bakin teku a wayar wani kafin ta ji daga bakinka, sunanka ya zama mijin ta ce har abada. Ka kira ta, ka ce kana neman shawararta kan yadda za ka saka wa surukarka. Da kanta za ta ce ka kai ta, ta sa maka albarka. Sannan ka kira Alhaji ka nemi izininsa, don matarsa ce, wankan jego ya ba ta izini ba yawon buɗe ido ba. Ita Hajiya kuma ba kai za ka fara tarar ta da maganar ba. 'Yarta ta fara, in ta ƙi sau ɗaya kunya ce, a sake. Ka duba takardunta ma, ko bizarta ta ba ta damar sake shiga Faransa in ta fita.

Kada ku ƙare makon a cikin katangar otal, don Jarba ta fi rairayinta. Shi ne tsibiri mafi girma a Arewacin Afirka, murabba'in kilomita 514, kuma wata tsohuwar hanya mai tsawon kusan kilomita 7 ta haɗa shi da tudu tun zamanin Rumawa. A 2023 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ruwan sama kaɗan ne, shi ya sa tsofaffin gidaje ke da rijiyar tara ruwa. Masallatai farare ƙanana sun cika ƙauyuka, wasu a cikin ƙasa aka gina su. Da yawa na Ibadawa ne, mabiya wata mazhaba ta Musulunci, kuma su ma sakin hannu suke yi a salla, don haka Hajiya ba za ta ji baƙunta ba. Akwai Yahudawa da tsohon wurin ibadarsu da ake kira Gariba. Sauran ƙasar Malikawa ne irinmu. Risalar da ka karanta a zaure, mai ita mutumin Ƙairawan ne, can cikin Tunisiya. Tunda na ambaci Risala: wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba ya ƙasaru, ku cika sallarku.

A Midun za ka ga baƙaƙen mutane 'yan ƙasa, da yawansu jikokin waɗanda aka ƙetara da su Sahara ne kafin a haramta bauta a can a 1846. A birnin Tunis har yau akwai kiɗan sitambali, ɗan'uwan borinmu, da kalmomin Hausa da na yaren Barebari a waƙoƙinsa. Duk da haka, tun 2023 baƙi baƙar fata sun sha tsangwama a wasu biranen ƙasar, musamman Safakis, don haka kada ka fita ba fasfo a aljihu.

Abinci ba matsala. Kuskus ɗinsu ɗan'uwan dambu ne, harisa kuma yaji ne mai zafi, Hajiya za ta so shi. Akwai wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira ƙarnit, da tulun ƙasa ake kama ta, za ka ga tulunan jibge a tashar jiragen ruwa ta Humt Suk, babban garin tsibirin. A mazhabarmu duk abin teku halal ne, amma kada ka bari yara su gaya mata mene ne sai ta haɗiye.

Tsaraba a kasuwar Humt Suk za ka yi ta, ka taya da kyau. Ka ba mai ɗakinka kuɗi ta miƙa wa Hajiya ta yi tata sayayyar, kada ka tsaya a kanta. Mahaifiyarka man zaitun da dabino da kwanon ƙasa na Gallala, ƙauyen magina tukwane, kuma kada nata ya gaza na Hajiya ko da cokali ɗaya. Alhaji ka saya masa jar dara, ta asali da ake yi a Tunis, irin wadda fatake suka daɗe suna kawo mana. Ni ma kaina bai fi nasa girma ba. Ka gaishe da mai jego, ka shafa mini kan angon.