Ga ɗan'uwan da ke son ajiye aikin banki ya koyi tuƙin jirgin sama

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa wallahi ina karanta tambayarka jikina ya yi sanyi. Ka ce shekararka 42, aikin banki ya ishe ka, kana da mata da yara, kana son sayar da gida ka tafi koyon tuƙin jirgi, ko lokaci ya ƙure maka. Ni ma a irin shekarun nan na ajiye aikin gwamnati na shiga, na san abin da ke hana ka barci.

Lokaci bai ƙure ba, a ƙa'ida sai mutum ya kai 65 yake sauka daga jirgin fasinja. Amma kafin ka taɓa ko sisi je ka yi medikal na Class 1, gwajin lafiyar matuƙa ke nan, wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi, ido, kunne, zuciya, suga, hawan jini, a shekarunmu nan ne ake kayar da mutane tun kafin su taɓa jirgi.

Ba samun lasin tuƙin jirgin kasuwanci, wato CPL, ne wahalar ba fa. Awa 200 na tuƙi da ake buƙata za ka haɗa su in akwai kuɗi, ko Zariya ko Ilori ko Afirka ta Kudu, sai dai in a Arewa ne ka sani in hazo ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu za ka yi ta zuwa fili da safe kana kallon sama ka koma ɗaki, ga haya tana ci ga cefanen gida. Wahalar tana bayan lasin. Duk kamfanin da ka kai wa takardu abin da za su fara tambaya shi ne taif retin, wato shaidar ka ƙware a kan wani samfurin jirgi takamaimai, kana da na Boeing 737 ko Embraer? kuma da dala ake biya. Ai kun tuna yaran Kano 100 da aka tura Jodan zamanin Kwankwaso, da yawansu sun dawo da lasin a hannu suka daɗe suna jiran wannan abin.

A nan wani ya cuce ni, har gobe in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Mutumin nan ya zo da sunan yana da hanya a wani kamfani, zai samo min gurbin simuleta, na'urar kwaikwayon jirgi da ake yin taif retin a kanta, a waje in ina dawowa aiki na jirana. Ya ci tuwo a gidana, tare muka yi magariba, yarana Baffa suke ce masa. Matata ta ciro sarƙa da ɗankunnen gwal ɗin da mahaifiyarta ta bar mata ta kai kasuwa, muka haɗa da kuɗin filina muka canja dala muka damƙa masa. Yau biza gobe biza, daga nan sai lamba ta daina shiga. Na je ofishin da ya nuna min na tarar da mai sayar da labule a ciki, ya ce bai taɓa jin sunan ba. A satin nan aka koro 'yata daga makaranta saboda kuɗin zango, na je ɗaukarta tana tsaye a bakin get da jaka a baya tana sunkuyar da kai kar ƙawayenta su gan ta, ni kuma lasin ɗin tuƙin jirgi yana aljihun gaban rigata. Ta shigo mota ta ce Abba yaushe za ka fara tuƙa jirgin, wallahi kasa amsa mata na yi. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Kuma an ce min har yanzu yana yawo yana yi wa wasu, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Don Allah kar ka sayar da gidan. In wurin aikinka suna ba da hutun karatu ba albashi nemi shi tukuna. Kuɗin makaranta kashi-kashi za ka biya, kar ka zube gaba ɗaya ko sun ce za su yi maka ragi, kuma cikin asusun makarantar kai tsaye, ban da hannun dillali ko ɗan uwarka ne. Lissafinka kuma da dala za ka yi shi, ka ga yadda naira ta yi tun 2023, wasu a tsakiyar kwas kuɗinsu ya ƙare suka dawo da rabin awanni.

Ni dai koyarwa ce ta rufa min asiri, na yi kwas ɗin instrakta ina tara awanni a ƙaramin jirgi, don ATPL, lasin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi, sai ka kai awa 1,500. Ka kuma shirya zuciyarka, ran da ka samu kujerar dama ta mataimakin matuƙi kyaftin ɗinka zai iya zama sa'an ƙaninka na biyar, shi zai ba da umarni kai ka bi. Ni wannan bai dame ni ba, ina son aikin nan har raina, da za a koma baya zan sake shiga.

Abu ɗaya ban gani ba a rubutunka, uwargida ta san da maganar sayar da gidan kuwa? Ka zaunar da ita ka faɗa mata komai har da kuɗin taif retin, don ita za ta riƙe yaran nan duk tsawon lokacin da babu albashi.