Amsa: Yadda manhajar sayarwa da ta lissafi za su riƙa musayar bayanai

Malam, ka tambayi yadda manhajar sayarwa da ta ma'ajiya da ta lissafin kuɗi za su riƙa musayar bayanai ba sai an sake shigarwa da hannu ba. A haɗa su ta API, wato hanyar da manhaja ke bai wa wata manhaja damar karɓa da aika bayanai, kai tsaye ko ta manhajar tsakiya irin Zapier, muddin kowacce tana ba da wannan damar.

Sai dai kafin haɗawa, dole kowane kaya ya zama da lamba ɗaya a dukkansu, a kuma ware manhaja ɗaya tak da za ta riƙa canza farashi. Na yi aiki a wani kamfani inda buhun shinkafa ɗaya ke da suna biyu, sai ma'ajiya ta riƙa nuna kayan da tuni aka sayar.