Hutun haihuwa mun gada ne, ba boko ya kawo shi ba

'Yata,

Saƙonki ya iso. Kin ce surukarki na yi miki gori wai boko ya ɓata ki, don kina so ki huta da haihuwa har ki gama karatunki a Samaru, kina kuma tambaya ko kin saɓa wa al'ada.

Ba ki saɓa ba. Muna yara a cikin birnin Zariya, mace in ta yi haihuwar fari gidan iyayenta take tafiya wanka, ta yi arba'in tana shan kunun kanwa, wata ma sai ta share watanni ba ta koma ɗakinta ba. Ba a yaye yaro sai ya doshi shekara biyu, yadda ya zo a Suratul Baƙara. Wadda ta yi ciki da goyo a bayanta sai a ce ta yi kwanika, kuma har mijin tsofaffi suke zaunarwa su yi masa faɗa.

Amma gaskiya ne an haihu da yawa, kuma na san dalili. Kakarki tara ta haifa, mu biyar muka rayu. Ƙyanda ta ɗauke biyu a bazara ɗaya. Har yau ina ganin ta zaune bakin murhu, tana ninke 'yar rigar ƙaramin tana warwarewa. Uwar da take binne 'ya'ya, wa zai ce mata ta ƙirga?

Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, kuma na ga abin da aji yake yi wa yarinya. Wadda ta kai ƙarshen sakandare ba a kai ta ɗakin miji tana 'yar sha huɗu ba. Tana zuwa awo, tana kai yaro rigakafi, 'ya'yanta suna rayuwa, sai hankalinta ya kwanta a kan waɗanda take iya ciyarwa da biya wa makaranta. Farfesa Kelsey Harrison, wani likitan mata, ya bi haihuwa 22,774 a asibiti nan Zariya, ya tarar mutuwa wajen haihuwa ta fi cin matan da ba su yi makaranta ba, ba sa kuma zuwa awo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ma ya nuna wadda ba ta shiga aji ba takan haifi wajen bakwai, wadda ta wuce sakandare kuwa uku zuwa huɗu.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ke kina iya zama da maigidanki ku yi wannan shawara. Mu kunya ba ta bar mu ba. Ku yanke tare, ku je asibiti a duba abin da ya dace da jikinki, ban da maganin da ƙawa za ta miƙo miki.

Surukarki kuwa kada ki ɗaga mata murya. Jika take so, kuma ita ma ta binne nata. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan je in gaishe ta da kaina, mu tuna zamanin wankan jegonmu.

Gwaggonki